Birkin Keken Babanmu

Talata, da hantsi

Auta ya buɗe ido.

Da shi na fara don shi ne magana, sauran duk ciko ne. Ƙanena ya buɗe ido yau, ya dubi silin, ya dubi taga, ya dube ni. Bai ce komai ba. Likita ya ce mu gode Allah. Na ce masa ai mun riga shi.

Littafin nan Lauya ce ta saya mini, babbar 'yar Auta. Ta ce, "Baffa, don Allah ka bar likitocin nan su yi aikinsu. Duk abin da ya cika maka ciki ka juye a nan." Wai don na tsare wani a baranda ina tambayarsa ko ya taɓa kwance injin da ke ƙara a kan gadon Auta. To laifi ne? Ni mai gyaran keke ne. Abin da ban ga cikinsa ba, ba na ba shi amana.

Ban taɓa zama a aji ba. Ɗan rubutun da na iya Auta ne ya koya mini, in ya dawo daga makaranta ya zana mini a ƙasa da tsinke, in na kuskure ya ce in sake. Yaro ƙarami yana ce wa yayansa ya sake. Tun can haka yake.

Laraba, bayan azahar

Kowa ya shigo ɗakin nan sai ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, Magajin Gari." Tsofaffin ma'aikatansa na banki su ce Manaja. Ni Auta na sani, Auta zan ce.

Likita ya kira mu ofishinsa, ni da Malama matar Auta da Lauya. Ya zana hoton kai a takarda, ya yi ta nuna wurare da biro. Ban riƙe sunayen ba. Abin da na riƙe shi ne, magana tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa, kuma makonnin nan na farko su ne abin dubawa. Ya ce a riƙa yi masa hirar zamanin da, abubuwan da ya saba ji. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Amma kada a ɓata masa rai. Ko kaɗan."

Da ya faɗi haka, Malama da Lauya suka juyo tare suka dube ni. Na gani.

A baranda Malama ta ce, "Yaya, kai ne ka riƙe labarin gidan nan. Babu wanda ya rage sai kai." Na ce na ji. Ba ta yi zancen shekarun da ban taka gidansu ba, ni ma ban yi ba. Mace ce mai hankali.

Ba kujerarsa nake wa zaman asibiti ba. So nake ya buɗe baki ya yi magana, ko da zagina ne.

Alhamis, da safe

Ya haɗiyi ruwa da kansa. Alhamdu lillahi. Bai yi magana ba.

Asabar, da la'asar

Na fara masa daga farko, yadda ake labari. Gidanmu mai ɗaki biyu, da famfon bakin layi da ba ya kawo ruwa sai ya ga dama, da rumfar Baba ta gyaran keke a kan kwana. Na tuna masa yadda yake zama a kan tsohuwar taya yana lissafi, Baba yana ce mini, "Kai riƙe sifana, wannan hannunsa na alƙalami ne."

Na bi da shi cikin banki. Shekarunsa na bayan gilashi, yana kashiya, da farar riga guda ɗaya da Inna take wankewa kullum da yamma ta shanya a bayan ƙofa. Da aka ba shi tebur nasa na kansa, ya kai ni in gani. Na shiga da baƙin mai a farce, mai gadi ya tare ni, Auta ya fito ya ce, "Yayana ne, buɗe masa." Ya zaunar da ni a kujerar baƙi ya sa aka kawo mini shayi a kofi mai faranti. Ina ajiye kofin ya miƙo hannu ya daidaita shi a tsakiyar farantin. Bai ma san ya yi ba.

Auta ba ya iya ganin abu a karkace. Da ya zama manaja, ma'aikata sun ce in ya shigo da safe kalandar bango yake fara gyarawa kafin ya amsa gaisuwa. Layin mutane ma sai da ya sa aka ja masa fenti a ƙasa. Mutanen gari suka ga layin banki ya fi titinsu miƙewa, suka ce to ka zo ka yi mana garin gaba ɗaya. Ya ajiye aikin da ake kashe-kai a kansa ya tafi neman ƙuri'a. Na ce masa mai hankali ba ya barin inuwa ya koma rana. Ya ce, "Yaya, ai kai kullum a rana kake." Ya ci zaɓe, ya sake ci.

Duk na faɗa masa yau, da murya mai taushi kamar mai lallashin jariri. Yana kallona. Nas mai tabarau ta ce na iya labari. Shi bai ce komai ba.

Amma ya yi barci mai kyau bayan nan, har da minshari. Minsharin Baba sak. Na ji daɗinsa.

Lahadi, da hantsi

Mataimaki, mai bi wa Auta a mulkin gari, ya zo da mutane cike da baranda, da kwandon lemo wanda mutum biyu suka ɗauko. Mara lafiyar da ruwa ma da cokali ake ba shi. Ya tsaya a ƙafar gado ya ce, "Ranka ya daɗe, gari lafiya lau, kada ka sa komai a ranka." Ya faɗa da ƙarfi kamar Auta kurma ne.

Ya juyo gare ni ya ce, "Baba, ai kai ne mai keken nan?"

Na ce, "Wane keke?"

Ya ce, "Mara birkin mana!" Mutanensa suka yi dariya.

Lauya ta taka mini ƙafa. Na haɗiye. Na ce masa Allah ya ba da lada, a gaida gida.

Rediyo tana ta faɗin yadda Auta ya yanke jiki ya faɗi a zauren taro, kowace tasha da nata. Na ce a kashe. Ina da mutumin a gabana, ba na bukatar labarinsa daga bakin wanda bai taɓa ganinsa ba.

Lemon ma'aikata suka raba. Akwai zaƙi.

Litinin, bayan azahar

Bari in rubuta zancen keken yadda yake, tunda babu mai hana ni a nan.

Ranar da za a yi wa Auta tambayoyin ɗaukar aiki a banki, ni na goya shi a keken Baba. Yana kan kariya, da farar rigarsa da takardunsa a ƙirji. A gangaren da ke kaiwa kwana ya riƙa karanta abin da zai faɗa, yana kaɗa ƙafa. Na ce ɗauke ƙafarka. Bai ji ba. Dugadugansa suka shiga wayoyin taya ta baya, keke ya kafe, muka tafi gaba ɗaya cikin kwata. Ya je bankin da laka har gwiwa, aka ɗauke shi, wai tunda ya zo a haka babu abin da zai hana shi zuwa aiki.

Haka aka yi. Ina wurin, ni ke tuƙi.

Shi kuwa tun ranar cewa yake birki ne bai ci ba. Birkin da na ɗaure da hannuna da asuba! Mun yi wannan gardama a gaban Baba, mun yi ta ranar aurensa, mun yi ta a zaman makokin Inna har aka raba mu. Da ya shiga siyasa sai ya hau da ita kan dandamali. Duk taron da ya je sai ya ce, "Keken yayana ba birki, titinmu ba kai. Na kasa gyara yayana, shi ne na ce bari in gyara titin." Jama'a su kwashe da dariya har da tafi. Mai gyaran keke, a ce kekensa ba birki, a lasifika. Yara suka riƙa wucewa ta gaban rumfa suna cewa, "Baba, a duba mana birki, amma ba irin na Magajin Gari ba."

Titin kuma ya gyara. Ya miƙe shi sambal.

Ba zan rubuta zancen rumfa ba.

Talata, da safe

Nas ta ajiye cokali a karkace a kan tire. Hannunsa na hagu, mai motsin, ya taho a hankali kamar kunkuru, ya tura cokalin har ya daidaita da gefen tiren.

Na fita baranda na tsaya a taga. Wani abu ne ya faɗa mini a ido.

Yana ciki. Auta yana nan ciki, ƙofa ce kawai ta cije.

Da na dawo na karkatar da kofi, ya gyara. Na karkatar da kwalbar magani, ya gyara. Malama ta ce, "Yaya, kada ka gajiyar da shi." Amma dariya take yi, rabon da in ga haƙoranta tun kafin abin nan.

Laraba, da la'asar

An cire masa robar hanci. Ya fi kama da kansa.

Juma'a, da yamma

Yau na yi abin da ban taɓa yi ba.

Labari ya ƙare mini. Na ba shi na makaranta, na banki, na aure, na zaɓe, na ranar da ya buɗe sabuwar tasha almakashi ya ƙi yanka ƙyalle. Saura ɗaya, kuma shi ne wanda ya fi so. Lauya ta ce, "Baffa, ka ba shi na keken. Amma yadda yake faɗa. Don Allah. Me zai rage ka da shi?"

Na ce ƙarya ce. Ta ce, "Magani ma ai ɗaci ne da shi."

Na zauna kusa da kunnensa. Na kawo mu har gangare. Na ce, "Sai na matsa birki, Auta." Harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Na ce, "Bai ci ba. Kai ke da gaskiya. Birkin ne."

Na jira. Malama ta riƙe numfashi.

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya juya fuskarsa bango.

Shekara nawa yana neman wannan magana a bakina. Na ba shi kyauta, ya juya mini ƙeya.

Asabar

Ba komai yau.

Lahadi, da hantsi

Ya ƙi abinci. Na karkatar da cokali, ya bar shi a karkace.

Litinin, bayan azahar

Likita ya ce zazzaɓi ne, ya sauka, kada mu tayar da hankali. Ya ci rabin kofin abin da ake dama masa. To madalla.

Amma ba ya kallona. Duk wanda ya shigo magana ɗaya ce, sannu, Allah ya ƙara sauƙi, ka yi kyau yau, kada ka damu. Ni ma na zama cikinsu. Ɗakin ya yi laushi kamar tayar da ba iska.

Talata, da safe

Motar haya ta ajiye ni nesa, na tako da ƙafa ta sabon titi. Ban taɓa bin sa ba tun da aka buɗe, kullum zagayawa nake ta bayan kasuwa ko da rana ta take. Yau gwiwa ta ƙi.

An dasa itatuwa a tsakiya. Inda kwana take da rumfar Baba babu ko alama, sai farin fenti da fitilar hanya. Na tsaya kaɗan a wurin. Wani mai babur ya ce, "Tsoho, matsa mana." Na matsa.

Na gaya wa Lauya ta inda na biyo. Ta ce ranar da abin ya faru ta nan motar asibiti ta bi da shi, ba ta tsaya ko'ina ba, kuma Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan da yanzu wani zancen ake yi. Ta ce, "Da tsohon titi ne, Baffa, da cunkoson kwanar nan."

Na ce titi dai titi ne. Na tambaye ta ko an kawo ruwan zafi.

Alhamis, da la'asar

Sai na rubuta wannan tun yana da zafi.

Gobe za a miƙa wa Mataimaki riƙon gari, wai kafin a ga abin da hali zai yi. Sai aka turo Mai Jawabi, wani siririn mutum da ke rubuta wa Auta abin da yake karantawa a taro, ya zo da tarihin da za a karanta gobe don iyali su ji su amince. Malama ta ce a yi a baranda. Ya ce a'a, ya fi kyau a gaban mai shi, girmamawa ce.

Ya tsaya ya gyara murya. "Ya kasance mutum mai gaskiya. Ya kasance uba ga talaka." Ya kasance, ya kasance. Mutum yana kwance yana numfashi ana yi masa ya kasance. Na dubi Lauya, ta girgiza mini kai.

Ya bi banki daki-daki, ya bi zaɓe. Sai ya sassauta murya ya ce, "Wa zai manta da tsohon keken nan, ruɓaɓɓe, mara birki, wanda yayansa ya yi shekaru yana fama ya kasa gyarawa?"

Ruɓaɓɓe. Keken Baba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Kai, ɗan nan, rufe takardar nan! Kana wurin? An haifi ubanka a lokacin?"

Lauya ta ce, "Baffa!"

Na ce, "Bar ni! Keken nan ko ƙararrawarsa ba ta taɓa tsatsa ba. Birkinsa in ka matsa sai ka tashi ta kan hannu. Wannan da kuke gani kwance, shi ya zura ƙafarsa a taya, yana ta karatu kamar aku, na ce ɗauke bai ɗauke ba. Shekara da shekaru yana yi mini ƙarya a lasifika, na ƙyale shi don ƙanena ne. Ran Juma'a ma don tausayi na faɗa, na janye! Ƙafarsa ce!"

Malama ta kama hannun rigata. Nas ta leƙo. Mai Jawabi ya manne da bango.

Sai muka ji wani sauti daga gado, kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Muka juya. Fuskarsa ta yi ja, gefen bakinsa yana rawa, idonsa a kaina, irin kallon nan da na sani tun yana kan tsohuwar taya. Na ce a raina shi ke nan, na kashe shi.

Ya ce, "Bir."

Babu wanda ya motsa.

Ya ja numfashi ya ce, "Birki."

Malama ta zame ta zauna a ƙasa. Lauya ta toshe baki da hannu biyu. Nas ta ruga kiran Likita.

Ni kuwa na matsa bakin gadon na ce, "Ƙafarka."

Ya ce, "Birki."

Na ce, "Ƙafarka, Auta, har takalminka ya yage, na hagu."

Ya ɗaga hannun nan mai motsi ya bugi katifa. "Birki!"

Haka Likita ya same mu. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Wa ya ɓata masa rai?" Kowa ya nuna ni. Ya ce, "To Baba, gobe ma ka zo da wuri."

Juma'a, da safe

Sun yi taronsu. Ban je ba, ban kunna rediyo ba. Lauya ta ce an cire ruɓaɓɓe, an kuma cire ya kasance. Birkin dai sun bar shi. Su ta shafa.

Yau ya ce ruwa. Ya ce a'a, sau da yawa, yawanci ni yake ce wa.

Lahadi, bayan azahar

Na gane abin da ya juya masa fuska ran nan. Mutumin da ya san ni tun yana rarrafe, ya ji na ba shi gaskiya a kan birki, ai ya san sallama nake yi masa. Wa zai ji haka ya ci abinci?

Yanzu kullum da abin da nake zuwa masa da shi. Jiya na ce kalandar ofishinsa kullum a karkace take, ya kusa tashi zaune. Yau na ce Inna ta fi sona. Ya ce, "Ƙarya." Da kyau ta fito, har da ƙarfinta. Mai koya masa magana ta ce in riƙa sassautawa. Na ce ita ta yi nata, in yi nawa.

Malama ta kawo mini abinci a kwanon da nake ci da shi a gidansu da. Ashe ba ta bayar ba.

Laraba, da hantsi

Ya taka daga gado zuwa taga, ni a dama, Nas a hagu. Daga tagar ana hango titinsa, miƙe kamar an ja da zare. Ya daɗe yana kallo. Ya nuna wajen da fitilar hanya take, ya dube ni, bakinsa yana neman wata kalma da ta ƙi zuwa. Na san wadda yake nema.

Na ce, "Bar shi. Ba yau ba. In bakinka ya dawo sosai ma yi wannan, don ba zan yi gardama da mutumin da ba zai iya ramawa ba."

Ya yi wata 'yar dariya ta gefe guda. Ya ce, "Yaya."

Na ce, "Na'am."

Bai ƙara komai ba. Ya isa.

Asabar, da yamma

Jibi za a sallame shi. Zancen kujera Malama ta ce kada wanda ya kawo mata shi gida, Lauya ta ce sai abin da shi ya faɗa da bakinsa. Yanzu kuwa yana da bakin. An gyara mini ɗakin baƙi a gidansu, wai ana bukatata da safe da yamma kamar magani. Na ce sai na yi shawara. Na riga na ɗaure kayana.

Da na dawo gida na sauko da keken Baba daga inda yake rataye. Na goge shi, na ba shi iska, na ɗiga wa sarƙa mai. Na tura shi a tsakar gida da gudu na matsa birki.

Ya kafe cak, har tayar baya ta ɗaga.

Robar birkin na sha canza ta tun daga wancan lokaci, amma wannan ba ruwan kowa. Jibi da shi zan je.